Sarƙar da Ba Ta Kai Carbi Ba

Shirya carbi ne sana'ata. A wajen mahaifiyata na koya, a ɗakinmu na unguwar Madain Fahd a ƙasar Larabawa, kuma hannuna ya saba da casa'in da tara tun kafin in bar firamare.

Wata rana dattijuwar Balarabiyar da yayata ke yi wa girki ta aiko a kira ni. Zaren sarƙar lu'ulu'unta ne ya tsufa. Ta ce kakanta ya saye ta a Faris, a wani tsohon gidan maƙeran zinariya da tun zamanin jirgin ruwa suke sayen lu'ulu'u wajen masu nutso a teku. Ta nuna mini irin aikinsu. Ƙwayoyin suna girma a hankali har tsakiya. Tsakanin kowace biyu akwai ƙullin siliki, don in zare ya tsinke ɗaya kawai za ta faɗi. Maɓallin kuwa an ɓoye shi cikin ganyen zinariya, sai an lalubo. Kunya ta hana ni ƙirgawa a gabanta.

A gida na warware ƙullin a kan faranti, na ƙirga. Casa'in da takwas. Na sake, haka. Na ce shi ke nan, ɗaya ta ɓata. Na kaɗe darduma, na tankaɗe sharar ɗakin da rariya, har kitsona na laluba. Kwana biyu abinci bai wuce mini ba.

Yayata ta ce, "Ke dai kin cika sa wa kanki. Ki shirya kawai, a wuce wurin, wa zai ƙirga?"

Amana ce, kuma ni na riga na ƙirga.

Na shirya ta ƙulli bayan ƙulli, na kai mata. Na ce, "Hajiya, ɗaya ta ɓata a hannuna. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa."

"Nawa kika samu?"

"Casa'in da takwas."

Ta ɗaga shimfiɗar akwatin sarƙar, ta zaro tsohuwar takardar sayenta. Ban iya Faransanci ba, amma na san lamba. Tara da takwas.

"Ya binti, 'yata, wa ya ce miki carbi ne?" Dariya har da hawaye. "Don wuya Bafaranshe ya yi ta, ba don tasbihi ba."

Ta sa aka kawo mini shayi. Ban taɓa kofin ba sai da na roƙe ta muka ƙirga tare, ita da yatsanta, ni da nawa.