Zaren Ɗorawa a Bargon Rahina

A Tibiri, ko daga bakin zaure ka hango bargo a kan igiya, za ka gane ɗinkin Lantana ne. Tsofaffin zannuwa take shimfiɗawa, ɗaya bisa ɗaya, ta bi su da allura layi-layi har su zama abin rufa mai kauri. Shuɗi sai da farin zare, fari sai da ja. Kafin ta fara, takan ɗora zaren a kan zanen, ta ja da baya. In ba ta hango shi ba, ta sake wani.

"Wanda ya yi noma ai so yake a ga kunya," in ji ta.

'Yata Rumaisa'u ta koyi ɗinki a wurinta. Tana da ciki ta fara bargo shuɗi da zare ruwan ɗorawa. Bara Allah ya karɓi abinsa, ɗinkin bai wuce kusurwa ɗaya ba. Ta bar mana jaririyarta, Rahina.

Na kai wa Lantana bargon ta ƙarasa. Fargabata ɗaya ce: kada hannunta ya binne na marigayiya, yarinya ta tashi ba ta san inda uwarta ta taɓa ba. Na kasa faɗa.

Ta buɗe shi, ta yi addu'a, sai dariya ta ƙwace mata, ta kira sunana.

"Mushe, dubi wanga layi! Kamar sawun kaza ta ga shaho. Na ce ta warware, ta ce ai jariri bai san karkace ba."

Ni ma na yi dariya. Na daɗe ban yi ba.

Ranar da na koma, na hango bargon a igiya, na zaci ba ta taɓa shi ba. Sai da na shafa na ji layukanta, a miƙe, daga baki zuwa baki. Da shuɗin zare ta yi su, sun nutse cikin zanen. Ba abin da ido ke kamawa sai karkatattun layukan ɗorawa na Rumaisa'u.

"Inna, ba wanda zai san aikinki ne."

"Nawa sun cika gari. Kai wa amaryarka Rahina, kada ta ce angonta marowaci ne."

Yanzu Rahina na rarrafe. Ko ta ina aka ajiye ta a kan bargon, kusurwar nan take nufa, tana ƙoƙarin tsince zaren da yatsa.