Kwakwar Bayan Rijiya

A gidanmu na cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, akwai wata kwakwar manja da ta daɗe tsaye a bayan rijiya. Kakanmu ne ya zo da ƙwallonta daga wani rafi a kudancin Kaduna lokacin da yake fatauci, ya binne a inda ruwan alwala ke gangarawa. Na buɗe ido na gan ta gajera, kakkaura, ganyenta na shafar katanga idan iska ta kaɗa. Ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Abin da take fitarwa kawai wani fure ne mai kama da tarin yatsu, mai ƙamshi irin na kayan shayi.

A shekarar da na fara karatun jami'a a harabar Kongo ta nan Zariya, Baba ya ce za a sare ta. Yayana zai yi aure, kuma babu filin ɗaki sai nan. Abin ya taɓa ni ƙwarai, sai dai ba ni da hujjar da zan kare ta, tunda inuwarta ko tabarma ɗaya ba ta rufewa.

Wata Juma'a ƙanwar Baba ta zo gaisuwa. Gwaggo malamar jami'a ce, aikinta inganta irin shuka. Ta tarar an jibge bulo a gindin bishiyar.

"Yaya, wannan za ku sare?"

"Ita fa, Dakta. Ko za ki tafi da ita ofis? Shekara da shekaru tana shan ruwanmu, ko cokali ɗaya na manja ba ta ba mu ba. Juya ce."

Gwaggo ta yi dariya har tana riƙe mayafi. Ta ce kwakwa tana yin fure namiji da fure mace a jiki ɗaya, amma idan rani ya matsa mata sai ta riƙa fitar da maza zalla. Tamu ba juya ba ce, uba ce da ba a taɓa yi wa aure ba.

Ta zauna a kan bulo ta ba mu labarin da har yau nake juyawa a raina. Manyan gonakin kwakwa na ƙasashen Asiya, waɗanda mota ke wuni tana ratsawa, yawancinsu jikokin wasu 'yan bishiyoyi ne da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kusan duk 'yan ɗaki ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kwantar da sauran. Shi ya sa masu bincike ke bin rafuka da ƙauyukan Afirka suna neman kwakwar da ta bambanta, wadda ta gaji wani hali da sauran suka rasa. Na dubi tamu, da tsohon guga rataye a jikinta.

"Kwakwa ba ta son dogon rani irin na Zariya, amma ga wannan tsaye," in ji Gwaggo. "Wataƙila ruwan alwala ne ya raya ta, wataƙila kuma wani abu ne a halittarta. Ban sani ba, Yaya. Amma in ka sare ta gobe, babu wanda zai taɓa sani. Ka bari ta sake yin fure, in ɗebi garinsa a barbaɗa wa fure mace, a samu irinta."

Baba ya jima yana shafa gemu. "Fure ɗaya," ya ce. "Yana buɗewa, sai gatari."

Sai da muka jira makonni, magini yana zuwa yana komawa da mita. Da sabon fure ya leƙo, dole a rufe shi da jaka kafin ya buɗe, don kada ƙwari su shiga. Gwiwar Gwaggo ba ta hawa tsani, don haka ni na hau. Na ɗaure zani tamau, Baba da kansa ya riƙe mini tsanin yana cewa, "A hankali, uwata, ƙaya." Ƙayar kuwa ta karce ni a hannu. Amma can a tsakiyar ganyen na ga furen a naɗe, sabo fil, na yi bisimilla na rufe shi.

Da ya buɗe muka yanko shi, muka shanya a inuwa, Gwaggo ta tankaɗe da rariyar Mama. Wani gari mai ruwan ɗorawa ya zubo, laushinsa ya fi na kwalli. Duka bai cika ƙaramar kwalba ba. Na ɗaga ta a hasken rana. Duk ranin da bishiyar nan ta jure tun kafin a haife ni, in har akwai sirrinsa, yana cikin tafin hannuna.

Washegari aka sare ta. Ban tsaya kallo ba.

Gwaggo ta aika da kwalbar kudu, wurin wata abokiyar aikinta, aka barbaɗa garin a kan fure mace na wata kwakwa. Bayan an daɗe, har matar yayana ta haihu a sabon ɗakin, Gwaggo ta zo da hoto a waya: tsirrai kore shar a baƙaƙen ledoji, jere cikin ruwan sama. Ta ce sai an yi shekaru kafin a san ko sun gaji juriyar.

Baba ya sa tabarau, ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Dakta, ki ce musu su kula da su. 'Yan Zariya ne."