Harawar da Na Rufe a Yangoji

Tungan Maje zuwa Gwagwalada

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubar Talata na kulle ɗakina a Tungan Maje. Na yi taku goma, na dawo na sake taɓa kwaɗon. Daga nan na leƙa garke na ƙirga shanun, duk da cewa huɗu ne kacal: bijimai biyu, karsana ɗaya, sai Tsohuwa, saniyar da marigayi yayana ya bar mini, mai cikin wata shida. Na bar wa maƙwabcina Malam Iro mai shago ciyawar kwana biyu, ina ta maimaita masa yadda ake ba su ruwa, har ya ce, "Malam Sada, sau uku ke nan. Je ka, Allah ya tsare."

Ku da ke gida Katsina kun san yadda muke yi. In an cire gyaɗa ruwa ya riga ya ɗauke, a shanya harawa kwana biyu, a ɗaure a ɗora kan rumfa, shi ke nan. To nan ruwa ba shi da alƙawari. A Yangoji akwai wani manomi, Baba Danladi, mutumin Gbagyi, da yake ba ni harawar gyaɗarsa, ya bar ni in yanki ciyawar gefen gona in busar, ni kuma in kai masa taki. Kwana goma da suka wuce na yanka na baza. Da sassafen kwana na uku na ga hadari ya haɗo, tsoro ya kama ni. Na ɗaure dami sittin da biyu da raɓa a jikinsu, na jibge, na lulluɓe da tampol, na ɗaure da igiya, na bi gefe na danne da duwatsu yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Ranar ko ɗigo bai sauka ba.

Yammacin Litinin Baba Danladi ya kira ni. "Malam, kayanka yana ƙamshin burukutu fa. Ka zo."

Wannan harawa ita ce abincin shanuna har damina ta dawo. In ta lalace, dole in miƙa su ga makiyayan da ke gangarawa kudu da rani. Iyalina suna wurinku. A nan shanun nan ne abokan hirata.

Bas ta tashi shida saura minti goma. Mun tsaya a shinge ɗaya kusa da Giri, aka haska mu da tocila aka ce mu wuce. Shida da minti talatin da biyar muna Gwagwalada. Na sayi koko da ƙosai, na sha kokon, na sa ƙosan a aljihu.

Gwagwalada zuwa Yangoji

Bakwai da minti goma na shiga tasi mai zuwa Kwali da gaba. Tun da muka tashi kaina ke waje ina duba gabas.

"Oga, shigo da kai," in ji direba. "Tirela ba ta san sallama ba."

Wani ma'aikaci mai farar shadda da ke kusa da ni ya tambayi abin da nake nema a sama, na gaya masa. Ya latsa waya ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Wayata ta ce yau babu ruwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar Asabar me ta ce?"

Ya yi dariya. "Haka ta ce, kuma na jiƙe sharkaf."

Ya sauka a Kwali. Takwas da minti biyar na sauka a Yangoji, na hau acaɓa, minti goma sha biyar zuwa gona.

A gonar Baba Danladi

Na tarar da shi tsaye gefen tampol ɗin, fartanya a kafaɗa. Bayan gaisuwa ya ture dutse ɗaya da ƙafa ya ce, "Sa hannu."

Na zura hannu har kafaɗa. Zafi kamar na tsoma cikin tuwon da aka kwashe yanzu. Da muka yaye tampol tururi ya tashi. Tsakiyar ta yi baƙi, fumfuna ta bi ta fari-fari.

"Ka ɗaure shi kamar kayan da za a kai Legas," in ji Baba Danladi. "Ciyawa tana numfashi, Malam. Ruwan sama da ya zo Asabar bai taɓa shi ba. Ruwan da ka rufe a ciki ne ya dafa shi."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka buɗe ba?"

"Kai ka ce kada kowa ya taɓa. Sau huɗu ka faɗa."

Ya nuna mini yadda suke yi: a kafa sanduna, a ɗaga kaya daga ƙasa, a rufe sama kaɗai, a bar gefe iska ta ratsa. Ya taya ni kafa sanduna huɗu, sannan ya wuce gonar doyarsa.

Na wuni ni kaɗai. Kowane dami sai na kwance, na shinshina, na murɗa ɗan kaɗan a hannu. Mai wari in jefa hagu, mai ƙamshin gyaɗa in baza dama. Akwai waɗanda na shinshina sau biyar ban yanke hukunci ba, a ƙarshe na jefa su hagu, don an taɓa gaya mini fumfuna tana sa saniya ɓari. Na kama kaina ina cewa, "Wannan fa, Tsohuwa?" alhali tana can Tungan Maje.

Uku saura minti ashirin iska ta juya, gari ya yi duhu. Na kwashe harawar da ke dama da gudu zuwa ƙarƙashin sandunan, na ɗaura tampol a sama. Hannuna ya kai ga dutse zan danne gefe, na ajiye shi. Minti ashirin aka yi ana ruwa ina tsugune ina kallon feshi yana lasar bakin harawar, kowane ɗigo kamar a idona.

Na kwana a ɗakin baƙin Baba Danladi. Matarsa ta kawo sakwara da miyar ganye. Bayan magariba na kira uwargida, layi ya yi ta yankewa. Abin da na ji kawai shi ne, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ban san ko ta ji ba.

Laraba, komawa

Aikin da ya fi wuya a tafiyar nan shi ne zama. Na sake baza harawar ƙarfe tara, ga gajimare a gabas, Baba Danladi ya ce, "Kada ka ɗaure sai inuwarka ta shiga ƙarƙashin ƙafarka." Na zauna kan kututture na matse hannuwa tsakanin gwiwoyi. Sha biyu da rabi na murɗa kara ya karye ƙas. Na ɗaure. Dami ashirin da tara.

Uku da kwata muka loda a wata akori-kura mai zuwa Zuba. Direban ya dubi tulin hagu ya ce, "Oga, wannan fa? Yayyafa mishi ruwan gishiri, shanu za su cinye, ba za su sani ba."

Na ce, "Ni na sani."

Na hau baya kan kayan, tampol a cinyata, ina lura da sama tun daga Kwali har Giri. A shinge wani jami'i ya caka sanda cikin dami, ya ce, "Abincin shanu? Wuce." Biyar da minti goma muka iso gida.

Kafin in sauke na zaro ɗan kaɗan daga tsakiyar dami na shiga garke. Hancina na iya ruɗa ni, na Tsohuwa ba ya yi. Na miƙa mata. Ta shinshina ta hura, ta kau da kai ta dubi katanga. Na tsaya hannu a miƙe. Can ta juyo, ta zaro harshe ta naɗe, ta soma tauna.

Dami ashirin da tara, in na haɗa da dusa, za su riƙe shanu biyu. Bijiman za su bi makiyaya ranar Lahadi. Tsohuwa da karsana suna nan tare da ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Baba Danladi da iyalinsa, da Malam Iro. Harawar tana kan rumfa yanzu, gefenta a buɗe. Yau sau biyu kawai na je na zura hannu, kuma da sanyi.