Rediyon Da Ba Ya Amsa Sallama

Shekara biyar ke nan da rasuwar kawuna Isiyaka, wanda mutanen unguwarmu Aboabo suka fi sani da Isiyaka Mai Caji. Ya rasu cikin watan Sha'aban bayan gajeriyar jinya. Matarsa ta riga shi, ba su kuma samu haihuwa ba, saboda haka abin da ya bari shi ne mahaifiyarsa, wato Kakata, da ƙanwarsa wadda ta haife ni, da ɗan shagon katako a bakin titi wanda yanzu wata mata ke sayar da burodi a ciki. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan so in rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta inda zan kama. Bana maganar ta zo da kanta, ta hanyar caja.

Wanda bai ga shagon nan a shekarun dumso ba, lokacin da wuta ke tafiya ta wuni ba ta dawo ba, da wuya ya gane yadda cajin waya ya zama sana'ar mutum. Kawu yana da ƙaramin janareto a bayan shago da allon katako cike da soket. Cajoji na rataye a ƙusoshi kamar kifin da aka shanya. Akwai mai siririn kai kamar allura, akwai mai kauri, akwai mai faɗi da haƙora, akwai wadda sai an cire batir an matse shi a cikinta. Kowace ya ɗaura mata ƙyalle daga ragowar yadin telan da ke maƙwabtaka da shi, don kada ta ɓata. Da bakin waya yake gane mutane. In ya hango mace tun daga nesa sai ya miƙa hannu ya zaro cajar da ta dace da ita kafin ta iso.

Yana da doka ɗaya. Ba a taɓa waya in tana kan caji. "Tana cin abinci," yakan ce, "a bar ta ta ci." Tun da cajin wancan zamani ba ya sauri, wanda bai yarda ya bar wayarsa ya tafi ba sai ya zauna a benci. A bencin nan aka sasanta maƙwabta, aka ji wanda ya dawo daga Makka, aka yi gardamar ƙwallo da Hausa da yaren Twi da Turanci a haɗe. Ina yarinya nakan kai masa abincin rana in tsaya ina kallon 'yan fitilun wayoyi jere a kan allo, ja da kore, ina ganinsu kamar wani gari da aka hango daga nesa.

Yau kusan duk wayar da ka ɗauka bakinta iri ɗaya ne, wanda masu sayarwa ke kira taif-si. Ɗan dogo ne mai zagayayyen gefe, ko ta ina ka juya shi yana shiga. Caja ɗaya na cika waya, ta cika laftof, ta cika fitila. Kawu ya ga farkon wannan kafin ya rasu. Na tuna ranar da ya sayo wa Kaka wani ɗan rediyo mai araha, ya juya shi ya nuna mini ramin cajinsa, ya ce, "Kin ga wannan bakin? Shi zai cinye sauran duka. Ni ma zai cinye ni." Dariya yake yi da ya faɗa.

Rediyon nan yana ɗaukar murya. Idon Kaka ya riga ya yi rauni a lokacin, tana kuma ƙorafin cewa ɗanta na fita tun da asuba ba ta jin motsinsa. Sai ya ɗaukar mata muryarsa a ciki: gaisuwar safe, 'yan gajerun surori, addu'ar fita daga gida, da tunin ta sha maganinta kafin koko. Ya manna ɗan ƙullin roba a kan madannin don yatsanta ya gane shi. Bayan rasuwarsa ba ta fasa ba. Kowace safiya, in ta shafa addu'a, sai ta laluba ta danna. Ba wanda ya yi tunanin kwafe muryar zuwa wani wuri. Tana cikin rediyon, rediyon yana aiki, sai muka ɗauka haka zai ci gaba.

A ranar addu'ar arba'in, bayan an raba masa da goro, Kaka ta sa aka kwance cajojin shago. Ta ce kada a sayar, kada kuma a zuba a buhu a ba mutum ɗaya. A nemi duk wanda yake kawo waya, a ba shi cajar da ta dace da tasa, sadaka saboda mamacin. Haka aka yi. Suka watsu cikin Aboabo har Moshi Zango, kowace da ƙyallenta. 'Yan kaɗan suka rage a gida, har da wadda ake cajin rediyon da ita.

Watan da ya wuce Yaya Munir, ɗan marigayi babban kawuna, ya zo gaisuwa daga Kwadaso inda yake zaune. Mutum ne mai kula, ba ya zuwa hannu sake. Ya leƙa bayan gadon Kaka ya ga igiyoyin caji a cukurkuɗe, wata ta tsage an naɗe ta da leda, ga katifa a kusa. Ya tsorata da gobara, kuma yana da gaskiya. Ya tattara su duka, har da ta rediyon, ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke wucewa da kura, ya kawo sabuwar caja fara mai nauyi, da igiya mai taif-si a kai biyu.

"Kaka, wannan ɗaya ta ishi gidan nan duka," ya ce, yana nuna mahaifiyata da ni. "Wayarki, ta Mma, har laftof ɗin Zulai. Kafin ki gama shan koko waya ta cika."

"Ni ina za ni da nake sauri?" in ji Kaka. Amma ta sa masa albarka.

Bayan 'yan kwanaki batirin rediyo ya ƙare. Na sa sabuwar caja. Bakin ya shiga daidai, fitila ba ta kama ba. Na juya, na canja soket, shiru. Na kira Yaya Munir ya zo ya gwada da ta laftof ɗinsa. Ya ce cajar da ke ciyar da laftof ba za ta gaza ciyar da abin da bai kai tafin hannu ba, batirin ne ya mutu, a kai wa mai gyara ya buɗe. Ya ƙara da cewa irin waɗannan masu araha in an buɗe su ba kullum abin da ke ciki ke tsira ba.

"Ba za a farke shi ba," Kaka ta ce. Ta karɓa ta naɗe shi cikin ɗankwali ta sa a akwatinta. Abin da ta ƙara kawai shi ne, "To, ya sake tafiya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba. Safiya ce dai ta canja. Takan idar da salla ta zauna hannunta a kan gwiwa, kokonta ya huce. Maganin ma sai an tuna mata.

Ina karatun koyar da kimiyya, kuma abin ya tsaya mini a rai: me zai sa caja mai ƙarfi ta gaza inda ruɓaɓɓiya ta iya? Sai na zauna na karanta yadda waɗannan sababbin cajoji ke aiki, na tarar ba kamar yadda muke zato ba ne. Mu mun ɗauka caja kamar famfo ce da aka bari a buɗe, duk wanda ya tara bokiti ya samu. Tsohuwar haka take. Da an sa ta a soket, wutarta 'yar kaɗan, bolt biyar, tana nan a bakin igiya tana jiran kowa. Sabuwar kuwa tana iya tura wuta mai ƙarfi har ninki huɗu na wannan, wadda za ta ƙona ƙaramin abu nan take. Don haka aka tsara ta da kamewa. Ba ta sakin komai sai ta tabbatar akwai wani a ɗaya gefen. A cikin igiyar akwai wani siririn layi da aka ware don wannan magana. Caja takan fara taɓa shi, kamar mai sallama a ƙofar gida. In an amsa, sai ta ba da bolt biyar ɗin nan, sannan ta jero abin da take da shi: ina da biyar, ina da tara, ina da sha biyar, ina da ashirin. Waya ta zaɓi nata, laftof ya zaɓi nasa. Caja ta ce ta amince, ta ɗaga ƙarfin, ta ce ga shi. Igiya mai ɗaukar wuta da yawa ita ma tana da ɗan abin da ke faɗa wa caja iyakar abin da za ta iya ɗauka. In batir ya kusa cika, waya takan rage abin da take ja, shi ya sa ƙarshen caji ke jan ƙafa. Duk wannan gaisuwa da ciniki na ƙarewa kafin ka janye hannunka.

Amsa sallamar kuwa wasu 'yan abubuwa biyu ne ke yin ta, kowane bai kai ƙwayar gero ba, a bayan ramin caji. Wasu masu ƙera kayan araha sukan sa sabon baki su bar waɗannan. Abu ya yi kama da na zamani amma ba ya iya amsawa. Caja ta yi sallama, ta ji shiru, ta ɗauka ba kowa a gidan, ta riƙe wutarta. In haka ne, rediyon Kaka bai mutu ba. Yunwa yake ji a gaban abinci. Abin da yake bukata shi ne tsohuwar caja mai faffaɗan baki, wadda ba ta tambaya, da igiyar da ke da taif-si a kai ɗaya kawai.

Ana samun irinta a kasuwa. Amma na tuna Anti Akos, mai soya kifi a ƙarshen layinmu, wadda 'yarta ta saya mata sabuwar waya tun Kawu na da rai. A rabon arba'in ita aka ba irin wannan.

"Ei, Zulai! Yau kin tuna hanya?" ta ce tana juya kifi. Na tambaye ta cajar. "Cajar Isiyaka? Yana nan. Amma ba na ba da aro fa, ko 'yata ba ta taɓa shi. Waɗannan na sauri suna sa waya zafi kamar kaskona."

"Don Kaka ne, Anti. Rediyonta ne ya ƙi tashi."

Ta ajiye matsami. "Ke kuma kika tsaya kina dogon gaisuwa? Tashi mu je."

Ita ta kawo ta da kanta, a ƙulle cikin haɓar zani, jan ƙyallen da Kawu ya ɗaura mata yana nan ya yi baƙi da mai. Kaka ta daɗe kafin ta yarda ta buɗe akwati. Na sa. Ɗan jan haske ya kama.

"Me ake ciki?" in ji Kaka, don ba ta gani.

"Ya kama, Kaka."

Na kai hannu zan danna, Kaka ta buge mini yatsu. "Ƙawata, ba ki da haƙuri. Yana cin abinci. A bar shi ya ci."

Sai muka zauna. Anti Akos ta manta da kifinta ta baje a tabarma. Mma ta fito daga kicin. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga taro ta shigo. Aka yi ta hirar Kawu, yadda yake ƙin karɓar komai daga tsofaffi, yadda ya taɓa ba Anti Akos wayar wani bisa kuskure ta wuni tana amsa kiran mahauta. Tun da aka rufe shago ban ga mutane sun zauna jiran caji ba sai ran nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sana'arsa dai ta tafi, kamar yadda ya hango. Ba na jin zai yi baƙin ciki da baki ɗaya ya ishi kowa, don ya sha wahalar neman cajar da ta dace da wayar baƙo. Ina jin zai yi murna da caja mai tambayar kowa bukatarsa kafin ta ba shi, tun da shi ma haka yake da mutane. Abin da zai rasa shi ne benci. Wataƙila kuma zai lura da abin da na lura: tsarin da ke sauraron kowa ya yi kyau, amma wanda ba ya iya buɗe baki ya nema yakan kwana da yunwa a cikinsa. Kawu bai taɓa jiran irin waɗannan su tambaya ba.

Kaka ba ta yarda Anti Akos ta bar cajar ba. Ta ce abin da aka bayar saboda mamaci ba ya dawowa gida. Washegari Yaya Munir ya zo da irinta guda biyu, ya kuma kwafe muryar zuwa wayata da tasa. Kaka ta ƙi saurara daga can. Ta ce ba daga nan yake magana ba.

In na auna abin da ya rage na Kawu Isiyaka, ba shi da yawa. Cajoji masu ƙyalle a gidajen da ban san adadinsu ba, yawancinsu wayoyin da suka dace da su sun daɗe da mutuwa. Doka ɗaya da tsohuwa ke tsarewa. Da kuma abin da na ji ran nan bayan la'asar, da haske ya koma kore Kaka ta laluba ta danna. Na sha jin muryar nan ta bango, amma ban taɓa zama kusa na saurara ba.

"Salamu alaikum, Mma. Kin tashi lafiya?"

Daga nan sai shiru. Na ɗauka rediyon ya sake tsayawa, har na yunƙura. Ashe da gangan Kawu ya bar wurin a buɗe lokacin da yake ɗauka, daidai tsawon numfashin tsohuwa.

"Wa alaikumus salam," Kaka ta ce. "Lafiya lau, Isiyaka. Ya aiki?"

Sai da ta gama, sannan ya ce, "Madalla."