Shanun da Ba Sa Kuka

A rugarmu da ke gabas da Sule Tankarkar, ba a fara tatsuniya sai an kawar da amfanin gona. Idan aka gama yankan gero, aka kai dammuna rumbu, aka saki shanu cikin gonaki suna cin karmami, to lokacin Dada ya zo. Dada kakarmu ce ta wajen uba, doguwar tsohuwa mai siririn wuya, wadda ba ta rabuwa da sanda ko a zaune take. Bayan sallar isha'i za ta sa a tara kara a ƙofar bukkarta, a hura wuta, ta binne gyaɗa a cikin toka. Mu kewaye ta, ƙafafunmu na shan zafi, bayanmu na shan sanyi, shanu na tuƙa a bayan shinge.

Kullum ina gefen wana Buba. Hamma nake kiransa, yadda ake kiran yaya a gidanmu. Ni matsoraci ne, shi kuwa ba abin da ke girgiza shi, don haka nake riƙe bakin rigarsa ba tare da ya sani ba.

Dada ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta bugi ƙasa da sanda ta ce, "Ga baƙuwa a bakin shinge, a buɗe mata?" Mu ce, "Ta shigo, Dada." Da Hausa take farawa, amma in abin tsoro ya matso sai ta rage murya ta koma Fulatanci. Da mun ji harshe ya juya, kowa ya ƙara matsawa jikin ɗan'uwansa.

Akwai tatsuniya guda da ta fi juya harshe a cikinta, ta wani makiyayi Sambo. An yi fari a ƙasarsu, rijiyoyi suka ƙafe, shanunsa suka riƙa faɗuwa har garken ya kusa ƙarewa. Wata safiya sai ga baƙuwar farar saniya a cikin garken, ba ta da ƙaho, kofatonta duk ɗanyar laka. Sambo ya ce lallai inda ta fito akwai ruwa, zai bi ta. Uwarsa tsohuwa ta ce, "Je ka. Amma duk inda kake, in ka ji na kira sunanka, ka amsa. Ko da loma a bakinka."

Ya bi saniyar nan har suka iso wani kogi da hazo ya lulluɓe, suka haye. A can ciyawa har ƙugu, shanu kamar su fashe don ƙiba, hantsarsu na jan ƙasa. Sai dai ko ɗaya ba ta kuka. Mutanen wurin suka karɓe shi hannu bibbiyu, amma ba wanda ya tambayi sunansa ko na ubansa. Ƙwarya kawai suka miƙa masa suka ce, "Tatsa, duk abin da ka cika naka ne."

Yana cikin tatsa ya ji muryar uwarsa daga hayin kogi. Ya dubi ƙwarya, saura ɗan kaɗan ta cika. Ya ce a ransa, bari in cika ta tukuna. Ya yi ta tatsa, madara na zuba, amma ɗan kaɗan ɗin nan bai cika ba. Kiran ya sake zuwa, ya yi siriri kamar kukan tsuntsu. Ya sake zuwa kamar kukan sauro. Daga nan shiru. Da Sambo ya farga da shirun, ya jefar da ƙwarya ya ruga bakin kogi, ya buɗe baki don ya amsa. Ba abin da ya fito. A ranar ya gane dalilin da ya sa shanun ƙasar ba sa kuka.

Nan Dada take tsayawa, ta shiga tonon gyaɗa da bakin sanda.

"Dada, ya koma gida?" in ji ni.

"Wa ya ce maka kowa ke komawa?"

Hamma Buba ya yi dariya. "Ni da na sami irin shanun nan, ai koro su zan yi har gida."

Dada ta dube shi ta cikin hayaƙi. Ta ce, "Kai dai ci gyaɗarka, maigidana." Sannan ta tura toka kan garwashi ta ce baƙuwa ta tafi, a rufe shinge.

Dada ta rasu kafin mu zama mutane. Shanunmu suka ragu, burtalin da shanu ke bi ya zama gona, ruga ta watse. Ni na yi karatu a Gumel na zama malamin dabbobi, ina duba shanu a karar Maigatari, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa. Hamma Buba ya jima yana lodin shanu a wannan kara, har wata rana ya hau mota zuwa Damagaram bai dawo ba. Muka ji shi a Agadas, muka ji shi a Libiya, sai dogon shiru da ya ramar da mahaifiyarmu, Inna. Daga baya ya bugo waya daga Italiya. Ya ce ya tsallake teku, kuma ya sami aiki a gidan gonar shanun madara, tunda saniya dai saniya ce ko'ina. Da farko duk Juma'a yake kira. A hankali ya zama sai da salla.

Bayan rasuwar Baffa, mahaifinmu, na ɗauko Inna ta dawo gidana a Gumel. Da wurin aikinmu ya tura mu ɗan gajeren kwas kan kiwon shanun madara kusa da Milan a Italiya, ita ta fi kowa murna. Na tambaye ta me zan kai wa Hamma. Ta ce, "Ba komai, Sale. Ka dai dubo min idonsa. Murya tana ƙarya, ido ba ya yi."

Ranar da aka ba mu hutu na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas zuwa garin da Hamma yake. Ƙarshen kaka ne a can. Tun daga taga na ga ƙasar shimfiɗe kamar tabarma, gonakin masara da aka girbe, dogayen itatuwa a jere ba ganye, magudanan ruwa ko'ina. Sai hazo ya sauko. Ba irin namu ba ne, mai ruwa ne, yana jiƙa gashin ido, yana haɗiye gida sukutum kana kallo. Muka wuce manyan gidajen gona da rufinsu ya rufta, itace ya fito ta taga.

Garin ƙarami ne, kuma kyakkyawa, ba zan ɓoye ba. Titunan dutse ne, tsaf kamar an lashe. Akwai fili a tsakiya, da majami'a mai doguwar hasumiya, da shago guda mai ƙamshin burodi da gahawa. Amma na tsaya da jakata a filin nan ina saurare, ban ji komai ba. Ba kukan yaro, ba akuya, ba mai talla. Yawancin tagogi a rufe suke da katako. A jikin wani bango an manna takardu da hotunan tsofaffi, na ɗauka 'yan takarar zaɓe ne. Sai ƙararrawar majami'a ta buga a hankali.

"Sanarwar mutuwa ce kake kallo," in ji wata murya a bayana, da Hausar gidanmu.

Hamma ne a kan keke. Muka rungume juna har hularsa ta faɗi. Ya yi jiki, furfura ta fito masa a gemu. Ya goya ni muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki, yana nuna min abubuwa cikin hazo: can makarantar yara ce, an rufe ta don ba yara, can kan tudu gonakin inabi ne, can kuma duwatsu masu ƙanƙara, in gari ya washe ana ganinsu. Ni ban ga komai ba sai farin bango.

Maigidansa wani tsoho ne Aldo, hannunsa na rawa, da matarsa Rina, 'yar gajeriyar tsohuwa mai fara'a. Sun san ba ma cin alade, ta dafa mana tuwon masara irin nasu da man shanu da cuku. Tana ta ƙara wa Hamma abinci, tana gyara masa wuyan riga. Na lura ba Buba take kiransa ba, wani suna ne dabam. Na tambaye shi.

"Sunan ɗansu ne," in ji shi yana kallon kwano. "Ya tafi Jamus aiki tun tuni. Wani lokaci bakinta yana kuskurewa. A ɗakinsa nake kwana."

Da la'asar muka shiga rumfar shanu. Manya ne, baƙi da fari, ba ƙaho, ba tozo, kowace da lamba a kunne. Ba su taɓa zuwa kiwo ba. Suka shigo layi da kansu, Hamma yana maƙala musu injin tatsa, madara na bin bututu zuwa wani tanki da ba a ganin cikinsa. Na yi aiki da shanu duk rayuwata, ban taɓa shiga garke mai shiru haka ba. Ƙarar inji kawai.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun rigar da ya rataya. Na ciro na duba. Lambar matata ce, na san Inna ce ta sa a kira, don ta san yau muna tare.

"Hamma, Inna ce."

Bai juyo ba. "Bari in gama da wannan layin."

Na tsaya da wayar a hannu. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake yin ƙara. Ban tsaya neman izini ba, na amsa, na je na kara masa a kunne hannuwansa na kan hantsar saniya. Ina jin muryarta 'yar siririya tana cewa, "Buba? Buba?"

Ya buɗe baki, ya ɗan jima kafin magana ta fito. "Na'am, Inna."

Da suka gama ya harare ni, idonsa ya yi ja. "Sale, kada ka fara min tatsuniyar Dada." Ashe shi ma bai manta ba. Ya ce takardar zamansa tana hannun hukuma ana sabuntawa, in ya fita kafin ta fito ba zai iya dawowa ba. Kuma tsohon nan ba shi da kowa, in ya tafi wa zai tatsi shanun? "Da damina zan zo, in Allah ya yarda. Saura kaɗan."

Da zan tafi washegari, Rina ta riƙe hannuna da hannayenta biyu masu sanyi, ta yi doguwar magana tana murmushi. Hamma ya fassara min. "Ta ce ka gai da mahaifiyarmu. Ka ba ta haƙuri, wai ta ari ɗanta."

Na dawo Gumel, Inna ta tambaye ni. Na ce yana lafiya, har ya yi ƙiba. Ta ce, "Ba ƙiba na aike ka dubowa ba." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Damina ta zo ta wuce, takarda ba ta fito ba. Da ta fito, Aldo ya kwanta ciwo. A tsakanin nan Inna ta fara rikicewa. Ta zuba gishiri a kunu, ta tashi da asuba tana neman ƙwaryar tatsa, tana kiran sunayen shanun da aka sayar tun muna yara. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya komawa baya.

A ƙarshe dai Hamma ya zo. Ranar da Keke Napep ya sauke shi a ƙofar gidana, Inna tana zaune a tsakar gida kan tabarma. Ya zube gabanta, ya kama ƙafarta. Ta janye ƙafar a hankali, ta gyara mayafi.

"Sannu da zuwa, baƙo. Daga ina?"

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Dada gargaɗi ce a kan kwaɗayi, kuma mutanen hayin kogi aljannu ne. Yanzu na je na gan su. Tsofaffi ne kawai da nasu 'ya'yan suka bi wata farar saniya zuwa wani hayin. Hamma ma ba kwaɗayi ne ya riƙe shi ba, da guminsa aka yi rufin ɗakin da Inna ke kwana. Abin da ke damuna shi ne, duk tambayoyin da muka yi wa Dada a kan Sambo ne. Ba wanda ya taɓa cewa, ita uwar fa, me ya same ta da muryarta ta ƙare? Ina jin Dada ta san amsar, ta ga ba mu isa ji ba.

Hamma yana nan Gumel har yanzu. Bai ce zai koma ba, bai ce ya fasa ba. Wani lokaci wayarsa tana ƙara daga Italiya, ya tashi ya fita zaure, in ji shi yana rarrashin wata tsohuwar da wani harshe. Da yamma kuwa yana zama kusa da Inna, yana ɓare mata goro. Ta saba da shi, tana cewa baƙon nan yana da ladabi.

Jiya ina alwala na ji ta tambaye shi, "An ce daga ƙasar Turawa kake?"

"E, Inna."

"Ina da ɗa a can, Buba. Dogo ne, yana da wushirya. In ka koma ka gan shi, ka ce masa kada ya damu, na daina kira don kada in hana shi aiki."

Hamma ya sunkuyar da kai, goron na hannunsa.

"Zan faɗa masa, Inna."