Fom ɗin Gidan Malama

Shekara shida na yi ina riƙe da shirin ciyar da yara masu tamowa a wata ƙungiyar agaji, a ɗan ofishinmu da ke wajen Ƙofar Mazugal. Kuɗin na masu ba da tallafi ne daga nesa, mutanen da ban taɓa gani ba sai a takarda, su kuma ba abin da suka yarda da shi kamar takarda. Duk farkon zango sai mu bi gida-gida da fom da ma'aunin dantse, wani ɗan zare mai kala uku. Yaron da dantsensa ya faɗa ja ko ɗorawa ya shiga rajista, a riƙa ba uwarsa garin kunu da wani abinci na leda mai kama da tunkuza. Gidan da aka ce ana kwana da yunwa shi ma a sa shi. In aka rufe rajista kuwa, ko uwar da ta haife ni ce sai ta jira wani zangon.

An san ni da baki a wurin nan. Mata masu awarwaron gwal kan aro ɗan maƙwabta su zo layi, ni kuma in tsefe su tas a gaban jama'a, ko a jikina. Ina alfahari ni 'yar cikin gari ce, haifaffiyar Gwammaja, ba wadda za ta yi mini wayo. Maƙaryata nake tsaro, ban taɓa kawowa a raina wata za ta yi mini ƙaryar ƙoshi ba.

A zango na huɗu layin Dukawuya ya faɗo kaina, a cikinsa kuwa akwai gidan malamar da ta koya mini karatun allo. Asalinsu mutanen Barno ne, amma kakanninsu ma a nan aka binne su. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda da ke sana'ar fata shi ma ya bi shi, ya bar mata matarsa da 'yarsu da ba ta cika shekara biyu ba. Duk na sani, don har gaisuwa na je.

Na yi sallama na durƙusa kamar yadda na saba tun ina 'yar shekara bakwai. Ta shimfiɗa mini darduma, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ta manta sun mutu. Fom yana cikin jakata, a cikinsa akwai tambayar da nake yi sau talatin a rana ba tare da na ji komai ba: a satin nan, akwai wanda ya kwana bai ci ba a gidan nan? Na rasa ta inda zan fara. Matar da ta riƙe hannuna na rubuta baƙin farko, wadda ko ido ba na iya haɗawa da ita, ita zan tambaya ko ta kwana da yunwa? Sai na kewaya, na ce yaya ake fama da tsadar nan.

"Alhamdu lillahi, 'yar nan," in ji ta. "Muna cikin rufin asirin Allah."

Azahar ta kusa, amma murhu a share yake, ko toka babu. Turken akuyar da na sani a gindin bango yana nan, akuya ba ta nan. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na tambayi jikar, aka ce barci take, uwar kuma ta gaishe ni daga bayan labule. Ƙa'idar aikina ita ce a taso yaro ko barcin me yake a auna shi, kuma na sha tayar da 'ya'yan mutane suna tsala ihu. A gidan nan ban ce a taso ta ba. Da zan tafi Malama ta ƙulla mini turaren wuta a takarda, ta ce ba a zuwa wurinta a koma hannu rabbana.

A soro na cike fom ɗin, a tsaye. Gurbi biyu ne, i ko a'a, na sa a'a. Gaskiyar magana har sanyi na ji a raina, ina ganin na kare mutuncin gidan, ban sa sunan Malama a takardar da ma'aikatanmu za su karanta ba, ban jawo surukarta layi a idon unguwa ba.

Bayan wata uku, wata Laraba muna shirin tashi, wata mace ta shigo da goyo a cikin hijabi. Sai da ta yi magana na gane surukar Malama ce. Ta sauke yarinyar. Ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya kakkarye, ko kuka ba ta iya yi sai wani ɗan nishi. Na danna yatsa a ƙafar, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ban tsaya neman ma'auni ba, wannan ta wuce garin kunu. Na tare adaidaita muka tafi asibiti. A hanya uwar take gaya mini tun kafin zuwana koko ne abincinsu safe da yamma, wata rana ma sau ɗaya, kuma yau ɗin ma ce wa Malama ta yi za ta kai yarinyar a duba mata haƙori.

Likitoci sun yi iya yinsu. Kwana huɗu yarinyar ta yi, ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Ranar uku na je, na zauna a ƙarshen tabarma ina jin kamar kowa ya san abin da na rubuta. Da mata suka ragu Malama ta kira ni ɗaki. Ta rame ƙwarai, carbi har yawo yake a hannunta. Na fara ba ta haƙuri ina kuka, ta ce in yi shiru, kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Sannan ta ce tun ranar da na zo ta san abin da ya kawo ni, unguwa duka an san aikina, kuma ta yi murna da aka turo ni ba baƙuwa ba.

"Da baƙuwa ce, wataƙila in daure in faɗa," ta ce. "Da na ga ke ce sai na ce Allah ya hutar da ni, wannan 'yar gida ce, ba sai na buɗe baki ba, za ta duba ta rubuta. Duk ranar rabo sai in ce wa uwar yarinyar ta kasa kunne, yau za a aiko."

Ba zargi a muryarta, labari kawai take ba ni. Da aka kira la'asar, ta miƙo mini buta ta ce in fara yin alwala.