Tizhe Mai Auna Taɓon Teku

Tizhe ɗan tsaunukan Michika ne, amma a Mubi ya girma, inda mahaifinsa ke noman gyaɗa. Da ya gama makarantar mishan sai ya gangara kudu har Biktoriya, can bakin teku, ya samu aiki wurin wani mai binciken ruwa. Kullum da safe zai shiga kwalekwale ya ɗebo taɓo a kwalabe, ya auna zafin ruwan da yawan gishirinsa, ya rubuta.

A nan ya koyi cewa cikin baƙin taɓon akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, masu cire sinadarin naitirojin da ƙazanta ke zuba wa ruwa, su sake shi ya bi iska. Idan ruwan sama ya rage gishiri, ko aka dama taɓon iska ta shige shi, sai aikinsu ya ja baya. Shekara huɗu yana wannan aiki, kuma yana sonsa.

A watan Fabrairu na 1961 ya karɓi hutun mako biyu ya dawo gida jefa ƙuri'ar raba gardama kan ko yankin ya bi Najeriya ko Kamaru. Ya tarar ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye.

"Kai ne na fari," tsohon ya ce masa da ƙyar. "Wa za ka bar wa ni?"

"Baba, zan tsaya har ka ji sauƙi."

Sauƙin bai zo ba. Ƙuri'a kuma ta bar Mubi a Najeriya, ta kai Biktoriya Kamaru. Kafin damina ta ƙare wasiƙa ta iso, an ba wani gurbinsa.

Ya samu aikin kula da wani tafkin kifi da aka haƙa kusa da mayo, wato rafi, a ƙarƙashin Malam Ishiyaku. Duk bazara ruwan sai ya yi kore, ya yi wari, kifi su taso ciki sama. Malam Ishiyaku kuwa maganinsa ɗaya ne, a kwashe taɓon kaf.

"Ranka ya daɗe, taɓon nan shi ke wanke ruwan," in ji Tizhe. "A rage abincin da ake zubawa, a dasa itatuwa su yi inuwa, a bar ƙasar ta kwanta."

"Nan ba teku ba ne, Tizhe. Ɗauki shebur."

Ya ɗauka. Ba shi da ma'aunin zafi balle na gishiri, ba shi da takardar da za ta sa a saurare shi. Shekara bayan shekara da hannunsa yake kwashe abin da ya san bai kamata a taɓa ba, ya koma gida ya juya mahaifinsa a tabarma, ya yi masa wanka.

Tsohon ya rasu a 1972. Bayan makoki matar Tizhe, Hansai, ta same shi yana gyara ƙotar fartanya.

"Baban Seth, yanzu za ka koma Biktoriyar?"

Ya ci gaba da gyaran ƙotar.

"In je in ce ni wa? Sai da fasfo ma ake shiga."

Bayan shekara biyu aka rufe tafkin, don kifin ba sa rayuwa. Tizhe ya koma gonar gyaɗar mahaifinsa da ke hanyar Kwaja, shi da Hansai da 'ya'yansu biyar, kuma a can ya tsufa.